Daga Tuffa Zuwa Kwalba: Ina Amfanin Antiyoksidan Ya Maƙale?

Yanka tuffa gida biyu ka ajiye a faranti. Ɓari ɗaya ka matse masa lemun tsami, ɗayan ka bar shi haka nan. Kafin ka shanye kofin shayi, wanda ka bari ya fara dafewa, ya yi ja-ja kamar an shafa masa ƙasa, wanda ya sha lemun kuwa yana nan fari tas. Abin da ya faru shi ne wuƙa ta fasa ƙwayoyin halittar tuffar, wani enzayim da ke ɓoye ciki, wato sinadarin da ke hanzarta aiki a jikin mai rai, ya sami iskar oksijin, suka haɗu suka rine naman tuffar. Bitamin C da ke cikin lemun ya tare faɗan, ya bari oksijin ya ci shi a madadin tuffar, tsamin kuma ya kashe wa enzayim ɗin gwiwa. Duk sinadarin da ke irin wannan shiga tsakani, shi ake kira antiyoksidan.

Ni a ganina wannan ɗan wasan faranti ya sayar da ƙwayoyin bitamin fiye da kowace talla. Lissafin da yake sa mutum ya yi mai sauƙi ne: ƙarfe yana tsatsa, mai yana lalacewa idan ya daɗe a buɗe, tuffa tana dafewa, to mu ma ashe tsatsa muke yi a ciki, kuma in lemun tsami ya ceci tuffa, me zai hana kwalbar bitamin ta cece mu? Manyan masana sun yi wannan lissafin, ba masu talla kaɗai ba. An kashe shekaru da maƙudan kuɗi ana gwada shi a kan dubban ɗaruruwan mutane, kuma amsar da ta fito ta ba kowa mamaki.

Sai mun fara da ita kanta iskar oksijin. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa ita ce, kuma da ita jiki ke ƙona abinci ya fitar da ƙarfi. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan murahu da ake kira maitokondiriya. A nan ake zare ilaktaron, wato ɗan mitsitsin ɓangaren sinadari mai ɗauke da lantarki, daga abincin da muka ci, a riƙa miƙa shi hannu da hannu kamar yadda magina ke miƙa bulo, har ya isa ga oksijin a ƙarshen layi. Oksijin ya karɓi guda huɗu cif, ya zama ruwa, shi ke nan. Amma aikin hannu da hannu ba ya rasa suɓucewa. Wani lokaci ilaktaron ɗaya ya zille tun kafin ƙarshen layi, ya faɗa kan oksijin shi kaɗai. Ilaktaron kuwa bibbiyu suke son zama. Sinadarin da ya kwana da guda ɗaya tilo ya zama gwauro, shi ne masana ke kira firi radikal, kuma gwauron nan ba ya haƙuri: zai fizgi na maƙwabcinsa, maƙwabcin ya zama gwauro shi ma, ya fizgi na gaba. Idan abin ya faɗa cikin kitsen da ke jikin bangon ƙwayar halitta, haka zai yi ta ci kamar wutar daji sai wani abu ya tare shi. Yana taɓa furotin, yana taɓa DNA, yana taɓa kitsen LDL da ke yawo a jini, kuma LDL ɗin da ya lalace haka yana cikin abubuwan da ake zargi da toshe jijiyoyin zuciya. Ba murhun ciki kaɗai ke haifar da waɗannan gwauraye ba. Hayaƙin taba, gurɓatacciyar iska, hasken rana mai ƙuna, giya, da kumburin da ya daɗe a jiki, duk suna ƙara yawansu.

A 1954 Rebeca Gerschman, masaniya 'yar Ajantina da ke aiki a Amurka, ita da abokan aikinta suka nuna cewa illar oksijin mai yawa da illar hasken eksire ta hanya ɗaya suke bi, wato ta waɗannan gwauraye. Bayan shekara biyu, a 1956, Denham Harman ya kawo ra'ayin da ya yi tashe: wai tsufa kansa taruwar wannan ɓarna ce. Da farko ba a ɗauke shi da muhimmanci ba, domin mutane da dama ba su yarda irin waɗannan sinadarai masu gajeren rai suna samuwa a jiki mai rai ba. Sai a 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich na Jami'ar Duke suka gano wani enzayim a jinin shanu, SOD, wanda ba shi da aikin yi sai kashe gwauron oksijin. Idan an ga mai gadi a ƙofa, to akwai ɓarawo a unguwa. Daga nan magana ta canza.

Wannan ganowa tana ɗauke da wani darasi da masu talla ba sa son a tsaya a kansa. Babban garkuwar jiki daga oksijin, jiki ne ke ƙera ta da kansa. SOD yana mayar da gwauron zuwa haidurojin faroksaid, sai wani enzayim mai suna katales ya mayar da shi ruwa da iska. Duk wanda ya taɓa zuba ruwan faroksaid a kan rauni ya ga kumfa ta taso fari fat, to aikin katales ya gani da idonsa. Enzayim ba ya ƙarewa a wurin aiki, ya gama da wannan ya juya ga na gaba, sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, alhali ƙwayar bitamin C ɗaya in ta ba da ilaktaron ɗinta sai an sake cika ta. Ga kuma gulutatayon, wanda ƙwayoyin halitta ke haɗawa da yawan gaske, musamman a hanta. Ga sinadarin yurik asid, wanda aka fi saninsa da ciwon gaɓoɓi, amma yana cikin manyan antiyoksidan da ke cikin ruwan jini. Hatta ƙarfen da ke jikinmu a ɗaure yake cikin wasu furotin, ba a barinsa yawo, domin sakakken ƙarfe in ya haɗu da faroksaid shi ke haifar da gwauro mafi mugunta.

Ana ganin nauyin wannan garkuwa ne a ranar da ta gaza. Kimanin mutum miliyan 400 a duniya suna da ƙarancin wani enzayim mai suna G6PD, wanda jajayen ƙwayoyin jini ke dogaro da shi wajen sake cika gulutatayon. Yawancinsu lafiya lau suke, sai ranar da suka sha wasu magunguna ko suka ci waken faba, jajayen ƙwayoyin su fara fashewa, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Haka ma wanda ya sha farasitamol fiye da ƙima: abin da ke kashe hantarsa shi ne gulutatayon ya ƙare. Maganin da ake ba shi a asibiti, NAC, kayan haɗin gulutatayon ne, kuma in an ba shi da wuri yana ceton rai. Saboda haka kada wani ya ce maganar oksijin da ɓarnarsa tatsuniya ce.

To ina abinci ya shigo? Ta ƙofa biyu. Ta farko, enzayim ɗin nan suna buƙatar ma'adinai da sai daga abinci: seleniyam, zink, tagulla, manganis. Seleniyam shi da kansa ba ya tare komai, haƙori ne a bakin enzayim. Ta biyu, akwai sinadaran da ke shiga faɗan da kansu. Bitamin E yana narkewa a kitse, don haka yana zaune a cikin bangon ƙwayar halitta, shi ne ke datse wutar dajin da na ambata. In ya ba da nasa ilaktaron ya gaji, bitamin C da ke cikin ruwa ya miƙa masa wani, shi kuma bitamin C gulutatayon ya tashe shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dangin karotin, masu ba karas da tumatir launinsu, sai kuma babban gida na folifinol, mai dubban 'ya'ya, da ke cikin shayi, kofi, koko, inabi, albasa da man zaitun.

Bitamin C yana da nasa labarin. Yawancin dabbobi suna haɗa shi a jikinsu, mutum kuwa ba ya iyawa, sai ya ci. A 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila, James Lind, ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da cutar sikabi, wadda ke sa dasashi jini da tsofaffin raunuka su buɗe, ya raba su bibbiyu, kowane biyu da nasu magani. Waɗanda aka ba lemu da lemun tsami su suka miƙe. Amma a lura, sikabi ba tsatsa ba ce. Jiki yana buƙatar bitamin C wajen ɗinka kolajin, wato zaren da ke riƙe fata da jijiyoyi. Wannan shi ne misali na farko na abin da zai yi ta dawowa: sinadari yana iya zama antiyoksidan a kwalbar gwaji, amma amfaninsa a jiki ya fito ta wata hanya dabam.

A shekarun 1970 da 1980 bincike ya yi ta nuna abu ɗaya: masu yawan cin 'ya'yan itace da ganyaye, da waɗanda aka auna aka ga beta-karotin da yawa a jininsu, sun fi kuɓuta daga kansa, musamman ta huhu. A 1981 Richard Peto da Richard Doll, wanda ya yi suna wajen tabbatar da alaƙar taba da kansar huhu, tare da abokan aikinsu suka yi tambaya a mujallar Nature ko beta-karotin zai iya rage kansa. A 1993 kuma wasu manyan bincike biyu daga Harvard, ɗaya kan ma'aikatan jinya mata, ɗaya kan ma'aikatan lafiya maza, suka nuna masu shan ƙwayar bitamin E ciwon zuciya ya ragu a cikinsu da wajen kashi 40 cikin 100. Likitoci da yawa suka fara sha da kansu. Abin da ya rage shi ne gwaji na gaskiya: a jefa ƙuri'a, wasu su sha ƙwayar, wasu su sha holoƙo mai kama da ita, ba wanda ya san wadda ya samu, a jira shekaru.

An yi haka a Finland, a gwajin ATBC. Maza 29,133 masu shan taba, 'yan shekara 50 zuwa 69, wasu aka ba su miligiram 20 na beta-karotin kullum, wasu kuma bitamin E. Da sakamako ya fito a 1994, kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin masu shan beta-karotin, mace-mace kuma da kashi 8. Mutane suka ce ƙila tsautsayin lissafi ne. A Amurka kuwa ana tsakiyar wani gwajin, CARET, mai mutum 18,314, mashaya taba da waɗanda suka daina da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbesto, ana ba su miligiram 30 na beta-karotin haɗe da bitamin A. A Janairun 1996 aka dakatar da shi tun lokacinsa bai cika ba: kansar huhu ta ƙaru da kashi 28, mace-mace da kashi 17. A shekarar ne kuma gwajin da aka yi kan likitoci 22,071, waɗanda yawancinsu ba sa shan taba, ya nuna shekara 12 ta beta-karotin ba ta ƙara komai ba, ba ta rage komai ba.

Bitamin E ma bai tsira ba. Gwajin HOPE a 2000 bai ga ya kare zuciya ba. A Ingila an ba mutum fiye da 20,000 masu haɗarin ciwon zuciya haɗin bitamin E da C da beta-karotin na shekara biyar, sakamako ya fito a 2002: bitamin ɗin sun hau a jininsu, ciwon bai sauka ba. Sai wanda ya fi ba ni takaici, SELECT. Wani abin mamaki a gwajin Finland shi ne masu shan bitamin E sun yi kamar sun fi kuɓuta daga kansar furostet, 'yar ƙullutuwar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Aka bi wannan haske, aka tara maza 35,533 aka ba su bitamin E ko seleniyam ko duka biyu ko holoƙo. A 2008 aka ce kowa ya daina sha, ba amfani. Da aka ci gaba da bibiyarsu zuwa 2011, masu shan bitamin E shi kaɗai kansar ta ƙaru a cikinsu da kashi 17 cikin 100. A 2012 ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta haɗa gwaje-gwaje 78 masu mutum kusan 300,000, ba ta ga ƙwayoyin antiyoksidan suna tsawaita rai ba, ta ma ga alamar beta-karotin da bitamin E suna ɗan ƙara mace-mace.

Me ya faru? Amsar ba ɗaya ba ce, kuma nan ne maganar ta fi daɗi.

Na farko, an ɗauki shaida an mayar da shi mai aikin. Beta-karotin a jini tambari ne da ke nuna mutum yana cin ganye. Mai cin ganye kuwa sau da yawa shi ne wanda bai cika shan taba ba, yana motsa jiki, yana da halin zuwa asibiti, kuma farantin da ganye ya cika ba wurin wani abu mai cutarwa. Haka ma mai sayen bitamin E a wancan zamani, mutum ne mai kula da kansa tun asali. Ƙuri'a ce kaɗai ke raba waɗannan abubuwa, kuma da ta raba su sai aka ga beta-karotin ɗan rakiya ne.

Na biyu, yawa da kaɗaici. Abin da mutum ke samu na beta-karotin a abinci 'yan miligiram ne a rana, tafe da ɗaruruwan wasu sinadarai, yana shiga a hankali. Gwajin ya ba da ninkin-ba-ninkin haka, tsurarsa, shekara da shekaru, ga huhun da hayaƙi ya riga ya cika da gwauraye. Antiyoksidan da ya ba da ilaktaron ai shi ma ya zama gwauro, sai dai mai sanyin hali, yana jiran a tashe shi. In ya yi yawa babu mai tashinsa, yana iya komawa cikin masu ɓarna. Bitamin E na abinci iri takwas ne, ƙwaya kuwa yawanci iri ɗaya take ɗauke da shi, kuma in ya yi yawa yana rage wani ɗan'uwansa a jini. Abin da babba ke buƙata miligiram 15 ne a rana, abin da aka bayar a SELECT ya ninka haka fiye da sau goma.

Na uku shi ne ya rushe lissafin faranti gaba ɗaya: jiki da gangan yake haɗa waɗannan gwauraye, yana aiki da su. Farar ƙwayar jini in ta haɗiye ƙwayar cuta, ambaliyar gwaurayen oksijin take yi mata, har tana haɗa sinadari irin wanda ke cikin ruwan bilic. Akwai yaran da ake haifa ba su da enzayim ɗin da ke wannan aiki, kuma rayuwarsu cike take da ƙuraje da cututtukan da ba sa jin magani. Maƙoshi na buƙatar faroksaid wajen haɗa sinadarin tayirod. Naitirik oksaid, wanda ke sa jijiyoyin jini su saki, shi kansa firi radikal ne, kuma a kansa aka ba masana uku kyautar Nobel a 1998. Ashe abin da aka ɗauka datti ne, wani ɓangarensa saƙo ne da ƙwayoyin halitta ke aika wa juna.

A 2009 Michael Ristow da abokan aikinsa a Jamus suka sa samari motsa jiki na mako huɗu. Rabi suna shan miligiram 1,000 na bitamin C da bitamin E mai yawa kullum, rabi ba sa sha. Waɗanda ba sa sha, jikinsu ya ƙara jin insulin, enzayim ɗin garkuwarsu kuma suka ƙaru. Masu shan bitamin ba su sami wannan riba ba. Gwajin ƙarami ne, kuma waɗanda suka biyo baya ba duka suka ga abu ɗaya ba, amma hanyar da ya nuna tana da ma'ana. Tsoka in tana aiki tana fitar da gwauraye, su ne ke kai ƙara cewa a ƙara gini. Ka toshe bakin ɗan aike, saƙo ba zai isa ba.

Akwai wata fuskar mai tayar da hankali. Ƙwayar kansa tana rayuwa cikin matsin oksijin fiye da lafiyayyar ƙwaya, kuma wannan matsi yana cikin abubuwan da ke kashe ta, musamman in ta ɓalle ta shiga jini tana neman sabon masauki. A 2014 masana a Gothenburg ta Suwidin suka ba ɓeraye masu farkon kansar huhu bitamin E ko NAC, ƙarin ya yi saurin girma, ɓerayen suka mutu da wuri. A 2015 wasu a Texas suka ga irin haka game da yaɗuwar kansar fata. Ɓera ba mutum ba ne, amma abin ya zo daidai da abin da aka gani a Finland, inda mai yiwuwa da yawa daga mashaya tabar suna ɗauke da 'yan ƙananan ƙari da ba a gano ba. Shi ya sa likitocin kansa ke son mara lafiya ya faɗa musu duk ƙwayar da yake sha, tun da ƙona ƙari da haske da wasu magungunan kansa da gwauraye suke aikinsu.

Sauran folifinol, waɗanda su ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwalaben ruwan 'ya'yan itace. A kwalbar gwaji ba su da na biyu wajen kashe gwauraye. A jiki kuwa kaɗan ne ke tsallake hanji, wanda ya tsallake hanta ta canza masa kama ta tura shi fitsari, abin da ke saura a jini bai kai ko kusa da bitamin C ko yurik asid ba. An taɓa auna jinin mutane bayan sun ci tuffa aka ga ƙarfinsa na tare gwauraye ya hau, aka yi murna. Da Silvina Lotito da Balz Frei suka bi diddigi a 2004, sai suka ga sukarin tuffar ne ya ɗaga yurik asid. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta daɗe tana da wani jadawali, ORAC, mai jera abinci bisa ƙarfinsu na antiyoksidan. A 2012 ta cire shi daga shafinta, bisa dalilin cewa lambobin ba sa nuna abin da ke faruwa a jikin mutum kuma 'yan kasuwa suna amfani da su ba bisa ƙa'ida ba. Har yau za ka ga irin waɗannan lambobi a talla.

Wannan ba ya nufin folifinol aikin banza ne. Da alama suna aiki, amma ta bayan gida. Tsiro ba don mu yake haɗa waɗannan sinadarai ba, da yawansu makamai ne na korar ƙwari da jure zafin rana. In sun shiga jikinmu kaɗan-kaɗan, sai su ɗan tsokani ƙwayar halitta. A cikinta akwai wani furotin, Nrf2, da ke ɗaure a hannun wani mai tsaronsa. Tsokanar tana sa a sake shi, ya shiga inda DNA yake, ya kunna ɗimbin enzayim na garkuwa. A 1992 Paul Talalay na Jami'ar Johns Hopkins da ɗalibansa suka ware sinadarin salforafen daga burokoli, ɗan gidan su kabeji, kuma ta wannan hanya yake aiki. Wato ganye ya fi kama da mai horar da soja fiye da sojan haya. Abin da bai tsallake hanji ba kuma ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji su ci, su mayar da shi wasu sinadarai, fagen da bincikensa ke ƙuruciya har yanzu.

Shi abincin fa, ya ci jarrabawar da ƙwaya ta faɗi? Ya fi ta nesa ba kusa ba, ko da yake ba yadda aka zata a da ba. Game da kansa, babban binciken Turai da ya fito a 2010 ya nuna kariyar da yawan cin 'ya'yan itace da ganye ke bayarwa 'yar kaɗan ce. Game da zuciya da jijiyoyi hujjar ta fi ƙarfi. Gwajin DASH a 1997 ya nuna abinci mai yawan 'ya'yan itace da ganye yana sauke hawan jini cikin 'yan makonni. A Sifen, gwajin PREDIMED ya sa mutum 7,447 a kan tsarin abinci daban-daban, waɗanda aka ƙara wa man zaitun ko 'ya'yan itace masu ɓawo suka sami raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da wajen kashi 30 cikin 100. An sami kuskure a yadda aka jefa ƙuri'ar wasu, aka janye rahoton aka sake lissafi aka fitar a 2018, sakamakon bai yi nisa da na farko ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu a rana. Sai dai ba wanda zai iya rantsuwa cewa antiyoksidan ɗin ciki ne ke aikin, domin a farantin akwai harza, akwai fotashiyam, akwai folet, akwai kuma abin da aka fasa ci.

A kicin abin ba shi da wuya. Bitamin C yana gudu cikin ruwa kuma zafi na kashe shi, don haka ganyen da aka tafasa ya yi lugub aka zubar da ruwan ya yi asarar mai yawa. Tumatir kuwa akasin haka ne: jan sinadarinsa, laikofin, ya fi shiga jiki in an dafa shi da ɗan mai, karas ma haka. Babba na buƙatar miligiram 75 zuwa 90 na bitamin C a rana bisa ma'aunin Amurka, mai shan taba a ƙara masa 35, kuma lemu babba ɗaya ya kusa biyan wannan. Daga wajen miligiram 200 jini ya fara ƙoshi, abin da ya haura da yawa ƙoda ce ke zubar da shi, kuma a wasu mazan yana barin tsakuwa a hanya. Bitamin E mai yawa yana tsinka jini, haɗari ne ga mai shan wafarin, maganin hana jini daskarewa. Ganyen shayi a kofi daban, tataccensa a kafso daban: hukumar kula da abinci ta Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa daga miligiram 800 na babban sinadarinsa a rana ana ganin alamun taɓuwar hanta.

Akwai inda ƙwaya ta yi rana, kuma wuraren suna da kama da juna. A gundumar Linxian ta Sin, inda abinci ya yi ƙaranci kuma kansar ciki da ta maƙogwaro suka yi katutu, an ba mutum kusan 30,000 haɗe-haɗen bitamin. Rahoton 1993 ya nuna waɗanda suka sami beta-karotin da bitamin E da seleniyam mace-macensu sun ragu da kashi 9 cikin 100. Beta-karotin ɗin da ya cutar a Finland, a nan yana cikin haɗin da ya taimaka, domin a nan rami aka cike. Ga wanda ba shi da giɓi kuwa, kwamitin da ke ba Amurka shawara kan rigakafi ya sake nanatawa a 2022 cewa kada a sha beta-karotin ko bitamin E da niyyar kauce wa kansa ko ciwon zuciya.

Na biyu shi ne ido. Tsakiyar tantanin gani wuri ne da haske da oksijin da kitse suka taru, kuma a wasu tsofaffi yana lalacewa har su kasa karatu ko gane fuska. Gwajin AREDS a 2001 ya nuna haɗin bitamin C da E da beta-karotin da zink da tagulla yana rage haɗarin cutar ta kai matakin ƙarshe da wajen kashi 25 cikin 100, amma ga waɗanda ta riga ta kai matsakaicin mataki a idonsu. Ba ya hana ta kama mai lafiyayyen ido. Da aka sake gwajin, aka fitar da sakamako a 2013, an hana masu shan taba beta-karotin tun farko, duk da haka kansar huhu ta fi yawa a cikin waɗanda suka sha shi, kuma yawancinsu mutane ne da suka daina taba tuntuni. Aka cire shi daga haɗin, aka sa lutin da ziyazantin, launukan da ke cikin alayyafo da gwaiduwar ƙwai, waɗanda ido da kansa ke tarawa a wannan gurbi. Tsohon haɗin bai ɓace daga kasuwa ba, don haka wanda ya taɓa shan taba kuma likitan ido ya rubuta masa wannan ƙwaya, ya juya kwalbar ya karanta bayanta ya ga wanne aka ba shi.